Wasiyyar Kwamfuta

A duk ofisoshin garin Doka ba a taɓa yin gwani irin Injiniya Ubaidullah Sabo ba. Wanda yake shakka ya tambaye shi, zai tabbatar masa. Ma'aikata suna kiransa Tashe-Matattu, shi kuwa bai ga zolaya a ciki ba, har a bayan motarsa ya rubuta.

Babbar kwamfutar ofishin tana da farfaɗiya. Ana cikin aiki sai allonta ya yi shuɗi, ta hau ƙirge, ɗaya, biyu, tana neman ɗari. A wannan ƙirgen take rubuta abin da ya kayar da ita, kamar mai barin wasiyya, don kamfanin da ya haɗa ta ya gane ciwon. Amma Injiniya ba ya jiran na'ura. Ya fizge wayar wuta, ya mayar, ta farfaɗo, ya gyara hula.

"Likitan ƙwarai ba ya tsayawa hira da gawa," in ji shi.

Da faɗuwar ta yi yawa, Darakta Hajiya Maimuna ta ce ko a gano ciwon, ko kujerarsa ta sami wani mai ita. Abin ya taɓa shi ƙwarai, don kujerar nan mai juyawa ce. Ya tara ma'aikata ya ce akwai mai yi masa zagon ƙasa, ya rantse duk wanda aka kama sai ya bar ofishin a ranar.

Ran Talata da hantsi kwamfutar ta sake faɗuwa, Darakta na tsaye. Ƙirge ya kai casa'in da wani abu, gogan naka ya tattare hannun riga ya fizge waya. Don a ji yadda ake girmama shi, ya kira kamfanin, ya saki muryar kowa na ji.

Wadda ta ɗauka ta gaishe shi da ladabi, ta ce sun daɗe suna jiran bayanin faɗuwar, amma kullum guntu yake zuwa.

"Ranka ya daɗe, akwai mai yanke mata wuta kafin ta gama rubutu. Ko mai shara ne, a yi haƙuri a hana shi shiga ɗakin."

Hajiya Maimuna ta dubi wayar wutar, wadda har yanzu take hannunsa. Ita mace ce da ba ta son mutum ya yi kaffara, don haka kafin azahar ta cika masa rantsuwarsa.