Yadda Ake Ɓoye Wa Suruka Fiyanon Da Ya Sha Damina

A gidan surukarka kake zaune a Kalkata. Ta tafi garin Bandel wurin ƙanwarta, kai kuma sarkin tattali ka ga ƙwan lantarki yana ci a cikin fiyanonta ba dare ba rana, ka kashe. Ashe shi ke korar danshi. Yanzu katako ya kumbura, haƙorin fiyanon mai ba da sautin Fa ya nutse ya ƙi tasowa, ga surukar taka, Madam Rozario, tana dawowa Lahadi. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi alkawari babu mai watso maka kaya titi.

1. Kunna ƙwan
Ba zai gyara komai ba, amma fiyano mai haske ya fi kama da marar lafiyar da ake jinya.

2. Je wurin mai gyara
Nemi Nimai-babu, tsohon nan na lungu, ka riƙo masa shingara mai zafi, wato samosarsu. Zai leƙo ta saman tabarau ya ce, "Wane jakin ne ya kashe ƙwan?"
Ka ce, "Ai Baba, wani maƙwabci ne."
"To ka gaya wa maƙwabcin, katako ba zai bushe ba sai bayan bikin Puja, in damina ta wuce."
Kada ka yi kuka a shagon mutane.

3. In fiyano ya ƙi, gyara waƙar
Wuce shagon takardun kiɗa na Mista Gomes, ka ce kana son waƙar da babu Fa a cikinta. Zai ce, "Babu Fa? Ɗan nan, lafiyarka ƙalau kuwa?" Daure. Zai tono maka wata ta rarrashin jarirai daga ƙasan ƙura.

4. Miƙa ta a matsayin tsaraba
Ka rusuna ka ce, "Mama, ita ake yayi yanzu." Matarka kuwa ka aike ta kasuwa, ba ta iya riƙe dariya ba.

5. Tsaya kusa da ƙofa
Na manta ban gaya maka ba, kafin kowace waƙa sai ta bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka za ta buga waƙar taka har ƙarshe, tsaf, sannan ta juyo.
"Ikon Allah. Waƙa babu Fa, fiyanona ma babu Fa. Zo zauna nan, ɗana, ka gaya mini wa ya tsegunta wa mawaƙin."

Daga nan babu ruwana. Ni shawara na bayar, ban ce ka zauna ba, kuma in ta kore ka, ɗakina ɗaya ne.