Jan Layi a Zanen Dangi

Tasi'u ma'aikacin kwamfuta ne a Abuja. Aikinsa zana tsarin rumbun bayanai: ya buɗe manhaja, ya jera akwatuna a fuskar kwamfuta, ya ja layi daga wannan zuwa wancan don a ga abin da ya haɗa su. Da ya zo gida Funtuwa hutun Sallah, ya tarar dangi na shirin taron zumunci. Nan take ya bugi ƙirji, ya ce bana ba sai an zaunar da Gwaggo Tabawa, yayar babansa, tana zayyano wane ya haifi wane har shinkafa ta huce ba. Shi zai zana dangin kaf a shafi guda. Magana kuwa ta je kunnen Gwaggo.

Kwana uku yana bin gidaje yana tambaya. Ya yi wa kowane gida akwati, ya ba kowane mutum lamba, don a cewarsa ƙwararru ba sa aiki da suna. Haihuwa layi, aure layi. To, dangin nan ba su cika kai aure waje ba, ɗan wa ke ɗaukar 'yar ƙane tun zamanin kakanni. Kafin ya gama, layuka sun hau kan juna, shi kansa ya daina gane na wane ne wanne.

Ranar taro aka haska zanen a bango, tsakar gida cike maƙil. Dattawa suka ƙura wa bangon ido. Gwaggo ta sa aka matso mata da kujera, ta gyara tabarau, ta bi zanen da ido tun daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Tasi'u, wannan taliyar fa?"

Ya ce, "Gwaggo, ba taliya ba ce, tsari ne."

"To madalla. Wancan jan layin kuma, ciwo ya ji?"

Tasi'u ya samu abin kamawa. Ya gyara murya ya ce, "Yauwa, shi ne ya ɓata mini aikin gaba ɗaya. Manhajar ce ta mayar da shi ja, wato kuskure ne. Ya fita daga akwati na bakwai, ya zagayo, ya koma akwati na bakwai. A ƙa'ida bai kamata a ce ya wanzu ba. Ina goge shi, komai zai daidaita."

Gwaggo ta ƙirga akwatunan da yatsa, ɗaya, biyu, har bakwai. Ta cire tabarau ta ninke.

Ta ce, "Goge abinka, ɗana. Amma ka fara yi mana ban kwana, don auren uwarka da ubanka ne."