Tafintan da Ya Kwantar da Matarsa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wata likita, sa'ar 'yar autata, ta sa na rasa inda zan sa fuskata ba. A da a Kankia, gatan majinyaci shi ne a hana shi ko ɗaga buta. Yanzu kuwa likita da kansa ke cewa tashi ka taka.

Da aka gano matata, Hajiya Rabi, tana da sankarar mama, ni na zama tafinta a asibiti, don likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa. (Ni kuwa da Larabcina da Turancina da ɗan Faransancin da na tsinto a Abidjan, har gyara babbar riga nake yi.) Ya ce tsakanin allura da allura ta riƙa tattaki kullum, ko zagayen tsakar gida ne, don jiki ya iya ɗaukar magani. Na gane sarai. Ai na ga haka a Alƙahira, marasa lafiya na zagaya baranda suna jan sandar ƙarin ruwa. Amma na tuna 'yan uwanta na Mawashi masu zuwa dubiya. Su tarar da ita tana zagaye? Sai a ce Alhaji ya gaji da jinya.

Hajiya ta tambaye ni, "Me ya ce, Alhaji?"

"Ya ce ki huta."

Makonni tana kwance, ina karɓar yabo wajen 'yan dubiya. Ranar komawa, a keken marasa lafiya ƙanwarta ta tura ta. Muka tarar da wata likita, 'yar Kusada, tana duba takardunta.

"Mama, an rubuta ku riƙa takawa. Kuna yi?"

"Ni hutu aka ce mini, 'yar nan."

Likitar ta dube ni. "Baba, ku kuka fassara?"

Na soma kame-kame da Turanci.

"Yi da Hausa, Baba, ita ma ta ji."

Na faɗi gaskiyar abin da na yi da Hausar. Aka ɗage allurar ranar, don jikin ba ƙarfi. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ashe bakin mutane ya fi ƙafafuna a wurinka."

Da furfurata na koyi cewa yabon 'yan dubiya ba ya tada majinyaci. Yau tana zagaya gida da sanda, a hankali. Amma ɗakin likita, ƙanwarta ke shiga da ita. Ni benci nake zama a waje.