Hawainiyar da Aka Ajiye Cikin Toka

Ni dai ban je ba, ban kuma aiki kowa ba. Abin da ya faɗo kunnena shi zan juye muku. In ya yi kama da wani gidan da kuka sani, ku kuka faɗa.

A Dajin Kwarin Gawo, Toron Giwa ne ke mulki, kuma ya raba aikin tsaro gida biyu. Karnuka su ne 'yan sanda: ga baƙar riga, ga gudu, ga haƙori. Aibinsu ɗaya, ba sa zuwa ko'ina sai sun fara haushi tun daga nesa, kada ɓarawo ya ce ba a sanar da shi ba. Shugabansu Kwamishina Durwa, wani ƙaton kare mai tumbi, ya yi imani cewa kamun da jama'a ba su gani ba, ba kamu ba ne. Duk wanda suka cafke sai an tsayar da shi a dandali, an kira su Aku 'yan jarida sun ƙare masa kallo, sannan a tambaye shi ko me ya yi.

Ƙadangaru kuwa su ne 'yan leƙen asiri. Babu bangon da ba su a kai, babu zancen da ba sa ji. Sai dai abin da ya shiga kunnensu ya shiga kabari. Shugabansu Darakta Jan-gwada, mai jan kai, ko gaishe shi ka yi sai ya duba hagu da dama kafin ya amsa. Dokarsu mafi girma ita ce, wanda suka aika aiki in aka kama shi, ba su san shi ba.

Gidajen nan biyu ba sa ga maciji da juna. Wai tun zamanin kakanni wani kare ya gutsire wa wani ƙadangare wutsiya. Wutsiyar ta sake tsirowa tuntuni, gabar ma haka.

Ana nan sai Tunku ya tashi da wa'azin tsarki. Tunku fa, wanda ko iska ba ta son biyo bayansa! Ya ce duk dajin nan kafirai ne sai wanda ya bi shi. Malam Shamuwa da sauran malaman kirki suka fito suka ce ko alifi bai sani ba, abin da yake kira addini son kai ne da mugunta. Bai kula ba. Ya tara matasan gafiyoyi da ɓeraye da zomaye marasa abin yi, ya shige da su ƙurmi, suka riƙa shafe jiki da toka suna cinna wuta inda suka ga dama. Aka sa musu suna 'Yan Toka. Ranar da suka ƙone kasuwar fadama, wata barewa ta rasa 'ya'yanta duka, har yau ba ta sake magana ba.

Giwa ya tara majalisa a ƙarƙashin babban gawo. Ya ce, "Ya ku jama'a, mun ba wasu haƙori, mun ba wasu kunne. Mai haƙori bai san wanda zai ciza ba, mai kunne ba shi da abin cizo. Daga yau mun haɗa su wuri ɗaya. Abin da kunne ya ji, haƙori ya sani."

Durwa ya miƙe ya ce, ranka ya daɗe, ƙofar karnuka a buɗe take, da ma ba su taɓa ɓoye komai ba. Wannan kam gaskiya ne, domin ko sun so ba za su iya ba. Jan-gwada ya ce, Allah ya ja zamanin Sarki, ƙadangaru za su miƙa wa 'yan'uwansu kowane sirri da zarar ya nuna. Bai faɗi yaushe sirri ke nuna ba. Aka kafa Kwamitin Haɗin Gwiwa, aka raba goro, manyan biyu suka rungumi juna, kowa yana kare wutsiyarsa.

To ashe ƙadangaru suna da tasu a cikin 'Yan Toka tun daminar bara. Wata hawainiya ce mai suna Cima, 'yar danginsu ta nesa, irin dangin da ba a tunawa da su sai aiki mai wuya ya taso. An yi mata alkawarin in ta dawo za a ba ta reshe nata na kanta, mai inuwa, ta huta. Ta zauna cikinsu ta rikiɗe ta zama toka-toka, tana jin warin Tunku safe da yamma tana cewa madalla. A haka ta ji babban shiri: ranar kasuwa mai zuwa za su cinna wa babban rumbu wuta, inda duk dajin ya tara ciyawa da hatsin da za a ci har faɗuwar ruwa. Ta aika wa Jan-gwada cewa su haɗu a gindin ɓauren bakin rafi ranar Talata da hantsi, tana da maganar da ba a ba ɗan aike.

Jan-gwada ya tuna ya yi wa Sarki alkawari, dole ya ba karnuka wani abu. Ya auna, ya gutsuro, ya aika musu da wannan: kada kare ya kusanci ɓauren bakin rafi ranar Talata. Bai faɗi dalili ba, dalili bai nuna ba tukuna.

Da saƙon ya isa, Durwa ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce wa yaransa, "Wurin da ƙadangare ya ce kar ka je, can naman yake. So suke su yi kamu su kaɗai, a yabe su."

Ranar Talata suka ɗunguma, suna haushi kamar yadda suka gada. Jan-gwada, da ya riga ya iso, yana jin su ya shige tsagar itace. Cima kuwa, kun san tafiyar hawainiya, kafin ta gama shawarar ɗaga ƙafa an riga an danne ta. Ta raɗa wa Durwa cewa ita ma'aikaciyar gwamnati ce, a kira Darakta. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa kama wanda ba ma'aikacin gwamnati ba. Ta ce to ya saurara, akwai batun rumbu. Ya ce bayani sai bayan an nuna ta.

Da yake kamun farko ne tun kafa kwamiti, aka ce a gaban majalisa za a yi nunin. Dabbobi suka cika gindin gawo, su Aku a sahun gaba, zabi a can baya suna ƙus-ƙus. Durwa ya ɗora Cima a kan kututture, ya matso kusa da ita ya ɗaga ƙirji, ya fara jawabi cewa ga babbar kwamandar 'Yan Toka, hannun daman Tunku, kowa ya dubi launinta ya shaida.

Kowa ya duba. Sai dai jawabin ya yi tsawo, ita kuwa baiwar Allah halittarta ce, ba da gangan ba. Tun yana kan godiya ga Sarki ta fara duhu, kafin ya kai ga jarumtar yaransa ta koma baƙa wuluk, sak rigar 'yan sanda. Wani Aku ya tambaya, cikin ladabi, ko kwamandar tana da muƙami a rundunar. Durwa ya waiga, ya yi tsalle baya kamar ya taka garwashi, ya sa aka tura kututturen can gefe. Gefen nan kuwa nan Jan-gwada yake zaune. Ba a jima ba kan Cima ya fara ja.

Giwa ya dube ta, ya dubi Daraktansa. Ya ce, "Jan-gwada, taka ce?"

Jan-gwada ya duba hagu, ya duba dama. Ya ce, ranka ya daɗe, hukumarsa ba ta tabbatarwa, ba ta kuma musantawa, amma shi dai bai taɓa ganin wannan halitta ba.

Cima ta juya ido ɗaya ta kalle shi, ɗayan ta bar shi a kan Sarki. Ta ce, "Yallaɓai, kai ka raka ni har bakin ƙurmi, ka ce in na dawo akwai reshe. Na yafe reshen. Ranka ya daɗe, ranar kasuwa za su ƙone babban rumbu. Ku yi da ni yadda kuka so, amma a tsare rumbun."

Giwa ya tambayi Durwa ko zai zuba yaransa a rumbu. Durwa ya ce a shirye yake, amma rundunarsa ba ta aiki da maganar wanda ake tuhuma, sai in hukumar leƙen asiri ta tabbatar. Jan-gwada ya ce in ya tabbatar ya nuna ya san ta ke nan, shi kuwa bai san ta ba. Ya ƙara da cewa zancen da aka faɗa a bainar jama'a ya tashi daga sirri, don haka ya fita daga hurumin ofishinsa. Giwa ya kaɗa kunne, ya ce a miƙa batun ga Kwamitin Haɗin Gwiwa. Kwamiti ya sa ranar zama, bayan kasuwa.

Zabi dai ba su da kwamiti. Wata Ladiyo a cikinsu, wadda zance ba ya kwana a bakinta, Allah ya yi mata albarka, kafin la'asar ta kai shi kunnen matar Jaki, matar Jaki ta kai wa Gada, Gada ta ƙara gishiri ta kai gaba. Ba wanda ya ba da umarni. Kowane gida dai ya je ya kwashe rabonsa, wani a ka, wani a baya, har tururuwa suka share ƙasan rumbun tas.

Tunku ma ya ji, ai su Aku ba sa zaɓen kunne. Yaransa suka ce a canja rana tunda asiri ya tonu. Ya ce ba a canja komai. In kare ya ji, sai ya jira ƙadangare. In ƙadangare ya ji, sai ya jira sirri ya nuna. Ya san mutanensa. Abin da bai lissafa ba shi ne zabi.

Ranar kasuwa suka zo, ba kare ko ɗaya a hanya, suka cinna wa rumbu wuta. Ya ci ƙurmus, ba ko ƙwayar gero a ciki. Karnuka suka iso da haushi bayan hayaƙi ya lafa.

Da kwamiti ya zauna, sai ga abin mamaki: Durwa da Jan-gwada suka fito da sanarwa guda, baki ɗaya. Wai kwashe rumbun dabara ce da hukumomin biyu suka tsara tare a asirce. Giwa ya ji daɗi, ya rataya wa kowannensu lambar yabo.

Saura batun Cima. In aka sake ta, Durwa ya kama ma'aikaciyar gwamnati ya nuna wa duniya ke nan. In aka ce ta ƙadangaru ce, Jan-gwada ya yi wa Sarki ƙarya a gaban majalisa. In aka bar ta a fili kuma, ba a san launin wa za ta ɗauka gobe ba. Wai a nan ne manyan biyu suka zauna su kaɗai, suka yi hira mai daɗi irin ta aminai, har Durwa ya tambayi lafiyar wutsiya. Suka sa aka ɗebo tokar rumbun nan aka cika tukunya, aka zaunar da ita a ciki, don ta tsaya a launin da aka kama ta da shi. Kare ɗaya da ƙadangare ɗaya ke gadinta, kafaɗa da kafaɗa. Duk baƙon da ya zo dajin, can ake kai shi ya ga haɗin gwiwa da idonsa.

Ladiyo ta ce mini takan leƙa ta jefa mata fara in masu gadi sun yi gyangyaɗi. Ita ce ma ta kawo mini ƙarshen zancen. Wai Tunku, da ya fi kowa sanin abin da Cima ta yi masa, yanzu ba ya wa'azi sai ya ambace ta. Yakan ce wa sababbin yaransa su dubi 'yar'uwarsu da azzalumai suka tsare, ko a hannunsu ba ta bar toka ba.

A duk faɗin Kwarin Gawo, shi kaɗai ya fito ya ce tasa ce.