Ƙuri'ar Injiniya a Bakin Zobe

Shekarar ta ɓace mini, kai har ranar ma, tsufa ya yi awon gaba da su. Amma cika bakin Zaharaddin na Karofi, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya, yana nan daram a kunnena.

Manoman rani goma ke tarayya a injin ban ruwa ɗaya a bakin madatsar ruwa ta Zobe. Kullum da karare a hula suke ƙuri'ar wanda zai fara sha. Zaharaddin, mai tumatir da ƙishirwa ta fara kwantarwa, ya zo da kwamfuta a hammata.

"Hula son kai gare ta," in ji shi. "Na'urata kuwa ba ta da ɗan'uwa. Za ta jefo lamba sau dubu. Duk lambar da ta fito, sandarta a allo ta ƙara tsawo. Mai doguwar sanda ya fara sha, mai gajera ya yi kurar baya."

Ya raba lambobi, ya riƙe goma, wai ita ce cikakkiya. Ya sa kowa ya yi alkawarin ba ɗaukaka ƙara. Sai ga Hajiya Kyauta mai albasa, sabuwar shiga.

"Hajiya, lambobi sun ƙare. Ga sifili can a gefen allo, ki riƙe shi," ya ce, yana ƙunshe dariya.

Ya danna. Sanduna suka miƙe kamar dawa a damina, kusan kai ɗaya. Ta sifili ta ɗan zarce. Gurbin goma fayau, ko tsiro babu.

"Injiniya," in ji Malam Ilu, shugabansu, "ko taka azumi take?"

"Ba ta yi zafi ba ne. Mu sake."

Ya sake sau dubu goma. Ya hura mata iska, ya goge allon da hannun riga. Gurbin goma dai fayau, sifili kuma na nan a gaba.

Hajiya ta ja tiyo zuwa albasarta, ta waiwayo. "Gaskiyarka, ɗana, ba ta da ɗan'uwa. Ko ubanta ba ta sani ba."

Kafin layi ya iso kan Injiniya, tumatir ya bushe ya zama kauɗa a tsaye.

Daga baya na kai wa jikata Hamdiyya, mai karatun kwamfuta a Dutsin-Ma, umarnin da Injiniya ya rubuta wa na'urar. Ta tabbatar mini daga sifili na'urar ke farawa, ta tsaya a tara. Ko zai danna har ya yi furfura irin tawa, goma ba ta cikin hular.