Sufeton Utaiƙa da Ɓatan Musbahu

Duk unguwar Utaiƙa, kai har Riyadh baki ɗaya, babu kwanya irin ta Malam Ghazali, magatakardan sito a wani kamfanin gine-gine. Shi ya faɗa, kuma mai bincike ba ya magana sai da hujja.

Asalin baiwar kwali ne. Wani injiniya Bature da kwantiraginsa ya ƙare ya bar kwali mai ɗauke da littattafai goma sha huɗu na wata marubuciya 'yar Sikotland, duka a kan sufeto guda mai gano masu kisan kai. Ghazali ya karance su da ƙamus a gefe. Kafin ya kai na biyar ya sayi kwat mai kauri, domin sufeton littafin ba ya fita babu kwat. A can ruwan sama ake yi. A nan kuwa rana ce mai narka kwalta, amma Sufeton Utaiƙa ya jure, yana zufa cikin mutunci.

"Ni da matar nan tunaninmu ɗaya," yakan ce wa abokan ɗakinsa. "Bambancin kawai, ita ta samu mai buga mata."

Abu ɗaya ke ci masa rai: shekara biyu yana jira, ba a kashe kowa ba.

Sai ga Musbahu mai gadin sito ya ɓace. Gaskiyar maganar, tsohuwarsa ce ta zo Umra, shi kuma shekara shida rabonsa da ita. Ya roƙi kafil, wato Balaraben da iƙamarsa, takardar izinin zama, ke hannunsa, ya ba shi kwana biyar, ya hana. Sai ya hau bas zuwa Makka a ɓoye, Talle abokin aikinsa ya riƙe masa gadi. Idan kafil ya ji ya rubuta shi hurub, ma'ana ya gudu, to zamansa a ƙasar ya ƙare. Ban da Musbahu, mutum tara ne a ɗakin, takwas sun sani. Na taran ba a gaya masa ba saboda an san bakinsa.

Ghazali ya duba katifar Musbahu, ya shinshina filo. Zuciyarsa ta yi fari tas. Allah ya kawo kes!

"Talle, ina kake ranar Talata bayan La'asar?"

"Ina wurin aiki, Malam. Don Allah ka bar maganar nan."

"Ka bar maganar nan," Ghazali ya maimaita yana rubutawa. "A littafi na uku, haka mahaucin ya ce."

Ya tambayi sauran bakwai, kowa ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba. Wani jahilin zai ɗauka rufin asiri ne. Sufeto kuwa ya tuna littafi na tara, inda ƙauye guda ya haɗa baki.

Rana ta uku Talle ya ga abin na neman wuce gona da iri, ya ja shi bayan sito. "Malam, Musbahu na Makka wurin mahaifiyarsa. Jibi zai dawo. Ka rufa mana asiri, ka yi wa Allah."

Ghazali ya yi murmushin manya. Wanda ake zargi ya kawo labari mai daɗi ana tsakiyar bincike? Haba! Marubuciyar ta yi gargaɗi a kan wannan sau goma sha huɗu.

Washegari da hantsi ya gyara kwat, ya shiga ofishin kafil da rahoto shafi shida. Ya jera komai: ranar da aka daina ganin Musbahu, wanda ke sa hannu a madadinsa, da ƙaryar Makka da aka shirya don a ɓatar da sawu.

"Ya mudir, ranka ya daɗe, ina zargin murder, kisan kai."

Kafil bai karanta littafi ko ɗaya ba, bawan Allah. Tambaya ɗaya ya yi: "Kwana nawa ba ya wurin aiki?"

"Huɗu cif," in ji Sufeto, yana alfahari da ƙididdigarsa.

"Khalas," in ji kafil, ya juya ga kwamfuta ya rubuta hurub.

A shingen binciken hanyar dawowa aka sauke Musbahu daga bas, da jarkar zamzam a hannu. Ya yi mako biyar a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, sannan aka sa shi jirgin Kano da kayan jikinsa. Talle ya sha kuka kamar an yi masa mutuwa, aikinsa ma da ƙyar ya tsira.

Ranar da labarin jirgin ya iso, an zuba shinkafa a faranti ba mai ci. Ghazali ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba wanda zai yaba, ya yafe musu. Sufeton littafin ma ba a gode masa.

"Ku faɗi abin da za ku faɗa," ya ce yana miƙa hannu cikin farantin. "Amma ba don ni ba, da har yau ba wanda ya san inda yaron nan yake."

Talle ya ɗago jajayen idanunsa.

"Wallahi kuwa, Malam," ya ce.