Yadda Za Ki Kai Gwiwarki Shan Iska a Kan Dutse

An ce uwar mai kemis ɗin layinmu ɗaukarta aka yi ranga-ranga aka kai ta masaukin shaƙatawan nan na kan dutse, bayan kwana uku ta sauko da kanta, babu mai riƙe ta. Wai iskar can ce: tana shiga ta hanci sai ta zarce gwiwa. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya, ban taɓa cin karo da bututun da ya haɗa hanci da gwiwa ba. Amma tunda kowa ya rantse, sai na ce a je a gani.

Wadda aka yi gwajin a kanta ita ce aminiyata Tela, mai shekara saba'in da ɗaya, mazauniyar hawa na uku, matakala arba'in da biyu daga ƙasa. Can keken ɗinkinta yake a gindin taga, can masu kawo ɗinki ke samunta. Ɗanta Injiniya ya yanke hukunci cewa ƙarshen wata za ta koma gidansa, ɗakin ƙasa na jikin gareji, keke kuma a kyautar, wai don Mama ta huta. Da rigima ta yi rigima ya sassauta: in ta hau matakalar nan da kanta a gabansa, ba mai riƙe ta, ta yi zamanta.

Idan ke ma 'ya'yanki sun fara kallon gwiwarki suna ƙus-ƙus, ki bi abin da na jera a nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi miki alkawari babu mai taɓa miki ɗaki.

1. Ki sanar kafin ki san hanya

Kada ki fara da neman mota ko masauki, wannan aikin masu ƙaramin buri ne. Ki faɗa wa maƙwabciya guda ɗaya, ki ce kada ta faɗa wa kowa. Tela ta yi haka da ƙarfe goma na safe. Kafin sha biyu mutum tara sun hauro ba ta shawara, har da mai gyaran takalmin bakin ƙofa.

"Inna, can fa ruwa ma sai an tauna shi ake haɗiyewa."

"Ka taɓa zuwa ne?"

"Surukin ƙanina ya kusa zuwa."

Ki riƙe irin wannan mutum da kyau. Wanda ya je wuri kansa a rikice yake da abin da ya gani. Wanda bai je ba shi ne iliminsa yake nan garau.

2. Ki haɗa kaya kamar ba za ki dawo ba

Kwana uku, akwati uku. Wannan ƙa'ida ce, ba ni na ƙirƙire ta ba.

Tela ta ce ita da ta ɗinka wa rabin layi sutura ba za ta sayi rigar sanyi a kanti a yi mata dariya ba. Ta yanka bargo biyu da tsohon labule, ta farke matashin kai ta cusa audugarsa a tsakani. Da ta saka, hannayenta suka ƙi saukowa.

"Malama, ya kika gani?"

"Kamar katifa ta yi niyyar bulaguro."

"Hassada ce. Ke za ki daskare, ni ina kallonki."

Abu mafi muhimmanci kuma, duk abin da kike tsoron a kyautar a bayan idonki, ki tafi da shi. Tela ta kwance kan keken ɗinkin, ta naɗe shi da zane, ta danna a akwati na uku. Direba ya ciccibi akwatin, ya dire, ya dafe ƙugu.

"Inna, dutse fa za mu hau. Akwai shi can da yawa, ba sai kin tafi da naki ba."

3. Ki zauna gefen taga, ki rufe ido

Hanyar lanƙwasa ashirin da bakwai gare ta, na ƙirga, kuma a kowace lanƙwasa akwai rami a gefenki. Direbobin hanyar da hannu ɗaya suke tuƙi, ɗayan na nuna wa fasinja wuraren tarihi ne.

"Nan motar tumatir ta gangara bara. Can gaba kuma wani ango ne da amaryarsa."

"Ɗan nan," in ji Tela daga cikin katifarta, "ka dubi gabanka. Mu magani muka zo nema, ba ƙarin suna a jerin naka ba."

In amai ya taso miki, kada ki damu. Masana sun ce alama ce iskar ta fara aiki, tana fitar da tsohuwar.

4. Ki yaba abin da ba ki gani ba

Manajan masauki zai kai ki ɗaki, ya yaye labule da alfahari. Za ki ga fari fat, kamar an manna takarda a gilashi, domin gajimare ya sauko har bakin taga.

"Ga kwarin nan, Mama. Babu irinsa."

"Ina?"

"Yana baya."

Ki ce masha Allah, ki gyaɗa kai. Kowa haka yake yi. Mun tarar da wasu ma'aurata da suka zo karo na huɗu, mijin ya rantse min cewa bana farin ya fi na bara kyau.

5. Ki kai iskar inda ciwon yake

A nan ne aka samu saɓani. Na sake yi wa Tela bayanin cewa hanci da gwiwa ba su da hanyar da ta haɗa su. Ta saurare ni har ƙarshe, abin da ɗalibaina ba su taɓa yi ba, sannan ta ce to ai da sauƙi, a cire ɗan tsakiya.

Ga yadda ake yi. Ki jawo tebur jikin taga. Ki hau ki zauna. Ki zura ƙafafu biyu waje har gwiwa, awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma. In masu wucewa sun ga ƙafafu biyu na leƙowa daga cikin gajimare sun ruga, wannan matsalarsu ce.

Ni kuma ina gefe da littafi da tef ɗin awonta. Ranar farko kumburin gwiwar dama inci goma sha bakwai. Rana ta biyu goma sha bakwai, da mura a kai. Duk da haka ta sa na taya ta cika robar ruwa goma sha ɗaya da iska, muka murɗe murafen da ƙarfi, na guzuri.

Da yammacin rana ta biyun ne, ƙafafunta na waje, ta waiwayo ta dube ni.

"Malama, kin san ɗakin nan na jikin gareji?"

"Na sani."

"Tagarsa can sama take, kamar ta banɗaki. A ina zan ga kafar allura?"

Ban rubuta wannan a littafi ba. Babu layin da aka ware masa.

6. Kada ki tambayi manaja, ki tambayi mai shara

Manaja zai ce miki ba a ƙirga waɗanda suka warke. Gaskiyarsa, ba a ƙirga ba. Ki bari sai mai shara ta shigo da tsintsiya, ki miƙa mata shayi, ki kwatanta mata wadda kike nema.

"Uwar mai kemis? Mai faɗan nan? Ai ko a mafarki na gan ta sai na gane ta."

Ga abin da ta ba mu. Ranar da tsohuwar za ta tafi an kwana ana ruwa, ƙasa ta zabtaro ta rufe hanyar mota. Dole kowa ya gangara ta matakalar bayan masauki, guda ɗari uku, zuwa inda motoci suka tsaya. Waɗanda suka ɗauko ta ranar zuwa sun buga mata kai a ƙofa, don haka ta rantse duk wanda ya sake taɓa ta sai ta cije shi. Ta zauna a matakalar farko, ta ja jiki zuwa ta biyu, ta ja zuwa ta uku. Awa biyu da rabi, tana tafe tana zagin duk wanda ya gina wurin.

"Amma da kanta ta sauka?" in ji Tela.

"Da kanta kam, Inna. Wa ya isa ya matso?"

Ni na rufe littafina, don bincikena ya kammala. Tela kuwa ta ƙura wa ƙofa ido.

"'Yar nan, abin da ya sauka a zaune, zai hau a zaune?"

Mai shara ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an gwada ba. Ranar nan har rana ta yi sanyi muna bayan masauki. Ki juya wa matakala baya, ki zauna, ki dafa tafin hannu biyu a ta sama, ki tura da ƙafar da ta fi dama-dama. Sauran kuma rashin kunya ne, wanda shekaru ke bayarwa kyauta.

7. Ranar gwaji, ki tara jama'a

Injiniya ya zo da matarsa da kwalaye takwas na kwashe kaya. Maƙwabta sun cika ƙofa, an zo ganin aikin iska.

"Goggo, ya hanya?" ya ce da ni. "An samu sauƙi kuwa?"

Na ce sakamako na hannun mai shi.

Tela ta gyara ɗaurin zane, ta juya, ta zauna daram a matakalar farko.

"Mama, me kike yi?"

"Hawa."

"Ai ba haka ake hawa ba."

"Ka ce da kaina, ka ce ba mai riƙe ni. Akwai wani sharaɗin da ka manta a mota?"

Ta dafa, ta tura, ta koma ta biyu. Amfanin wannan salo shi ne fuskarki na kallon ƙasa, wato tana kallon ɗanki, tun daga farko har ƙarshe. Shi kuwa ya rasa inda zai sa ido.

"Mama, don Allah ki tashi, mutane na kallo."

"Su kalla mana. Jikinka nake ja?"

A hawa na ɗaya ta tambayi lafiyar jaririn gidan. A hawa na biyu matar gidan ta fito da yadi, Tela ta auna mata kafaɗa a zaune, ta ce ta dawo ranar Laraba. Injiniya na biye da ita, matakala ɗaya-ɗaya, hannayensa a buɗe kamar mai jiran tulu ya faɗo, ga shi ba damar taɓawa. Zufa ta jiƙe masa riga fiye da tata.

Minti ashirin da biyar, bayanta ya bugi ƙofar ɗakinta. 

"Ina nake?"

"Sama, Mama."

"Wa ya riƙe ni?"

Ya dubi matarsa, matarsa ta dubi silin. Ya sauka ya ninke kwalayensa. Bayan sati ɗaya ya turo kafinta ya shimfiɗa kafet mai kauri tun daga matakalar farko har ta arba'in da biyu, bai ce da kowa komai ba.

Gargaɗi

Ba ruwana da zanen da ya yage, ko murar da aka kwaso, ko ɗan da ya yi fushi ya daina ɗaga waya. Ba ruwana da duk wadda ta zura ƙafa ta taga ta bi su. Wadda ɗanta lauya ne, ba injiniya ba, kada ma ta fara. In aka tambaye ni, ban san ki ba, ban taɓa rubuta komai ba.

Iskar kan dutse ba ta maganin ciwon gwiwa. Ranar da muka je gwiwar Tela inci goma sha bakwai ce, ranar da muka dawo goma sha bakwai da rabi. Tana nan a hawa na uku tana ɗinki.